Tattara a Gaba

Sunana Dewitt McLaurin, gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi a Laurinburg. Mahaifina baƙar fata ne, mahaifiyata 'yar ƙabilar Lumbee, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Sunan kuwa daga wani Bature ɗan Sikotlan muka gaje shi, wanda ya haifi kakan kakana da baiwarsa. A gidanmu ba a zancen mutumin.

'Yata Odessa ce ta tono shi. Shekararta goma sha bakwai, kuma in ta kafe ba ta jin kira. Ta ce bana, ranar wasannin 'yan Sikotlan, za ta shiga jerin gwanon zuri'o'i, ta bi tutar MacLaren, zuri'ar da sunanmu na McLaurin ya fito, da yadinsu mai gidan dara a kafaɗa.

Na ce, "In suka ce ki fita daga layi fa?"

"Sai su faɗa a gaban jama'a. Jinin nan ba aronsa na yi ba, Baba."

Tun daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. Ko ina kan tsani ina aiki, sai in hango ta ita kaɗai cikin fararen mutane, wani yana nuna mata hanyar fita. Da na ga ba zan iya hana ta ba, sai na ƙudura in kora ce, a kore mu tare. Na sayo kilt, zanen mazansu, shuɗi da kore mai ratsin ja da rawaya. Ban gaya mata ba.

Ranar wasannin, Odessa ta yi sammako ta tafi da ƙawarta. Na tsaya gaban madubi na ɗaura abina. Gefe ɗaya sumul, ɗaya kuma tattara ce jere. Duk wandon cocin da na taɓa sawa tattararsa a gaba take, don haka na sa ta a gaba.

Ƙanena Lonzo ya zo ɗaukata. Yana ganina ya kifa kai a sitiyari.

"Kai, Yaya! Wa ya sace maka wando?"

"Ja mota, malam."

Mun yi nisa sai dariyar ta bar fuskarsa. "Tsakani da Allah, kayan wanda ya mallaki kakarmu za ka sa?"

"Ya ɗora mana sunansa bai tambaye mu ba. Ni ma ba zan tambaye shi ba."

Muna shiga filin na ji idanu a kaina. Wasu mata biyu suka rufe baki. Wani mai sayar da gasasshen nama ya bi ni da kallo har ya juya. Na ce a raina an fara. Na ɗaure fuska na nufi rumfar MacLaren.

Odessa tana cikin layi, yadin ya sauka mata har ƙugu. Da ta gan ni ta zaro ido. Kafin ta yi magana wani dattijo mai farin gemu da doguwar sanda ya tare ni. Shi ke jera mutane.

"Bawan Allah, ba za ka shiga layin nan haka ba."

Maganar da na yi ta haddacewa a kan tsani ta fito, da ƙarfi kuwa. "Sunana McLaurin! Ubana McLaurin, kakana McLaurin. Waccan 'yata ce. Ba mu roƙi sunan nan ba, amma namu ne, kuma ba inda za mu!"

Kowa ya juyo yana kallonmu. Dattijon ya sosa gemu.

"Na ji, ɗan'uwa, ba wanda ya musa. Kilt ɗinka ne a juye. Tattara baya take zuwa."

Na waiga. Duk namijin da ke wurin gabansa sumul. Can bayana na ji Lonzo yana neman shiƙewa da dariya.

Odessa ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, in kana so ka jira a mota, ba komai."

Masu busa sun riga sun fara, ganguna sun amsa. Motar ta yi mini kyau a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma na lura da wani mutum da ke kusa da Odessa, ya dube ta sama da ƙasa, ya ja matarsa suka koma can ƙarshen layi. Shi ba tattara ce ta dame shi ba.

Na miƙa wa dattijon hulata. "Riƙe mini, Baba."

A nan tsakiyar fili na sassauta maɗauran, na murɗa kilt ɗin har tattarar ta koma baya, na ƙara ɗaurewa. Wani ya yi fito, wasu suka tafa. Dattijon ya gyara mini gefe ɗaya da bakin sandarsa, ya ɗora mini hular.

Na shiga gurbin da mutumin nan ya bari, na kama hannun Odessa. Ta riƙe ni gam, ashe ita ma tsoron take ji.

Tuta ta ɗaga, layi ya motsa. Iska tana dukan gwiwoyina, Lonzo yana bin igiyar da ta kange 'yan kallo yana ihu, "Siket ya yi maka kyau, Yaya!" Ban kula shi ba. Na daidaita ƙafata da ta Odessa, muka shiga fili.