Kokawar Bayan Ganuwa

Mode yana ɗaure wa Arzika laya a damtse sa'ad da makaɗa suka sauya kiɗa, alamar an zo karawar ƙarshe. Ya ja igiyar da haƙori, ya daki kafaɗar ɗan ƙanen nasa.

"Kada ka yi gaggawa. Bar shi shi turo ka."

"Na ji, Baba."

An gama girbin gero, mutanen Sakkwato da na ƙauyuka sun cika filin bayan ganuwa, wajen Ƙofar Kware. Shekaru kaɗan ke nan da zuwan Nasara, yau ma har wani Bature daga bariki ya zo kallo. An kafa masa kujera a inuwa, tafintansa na tsaye a bayansa riƙe da jan bargo, kyautar wanda ya ci.

Mode ya yi zamaninsa a kokawa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ba ƙarfi ya fi koya wa Arzika ba, salo ne: taku mai tsabta, da wani juyi da ake yi da ƙugu, wanda ke sa nauyin mutum ya kayar da mai shi. Tun Arzika yana sabon saurayi suke maimaita shi a yashin gulbi, bai taɓa fita yadda Mode ke so ba.

Abokin karawar, Ƙasimu, manomi ne daga fadama, gajere mai kaurin wuya, ba kamar Arzika dogo ba. Ba ya rawa, ba ya kirari. Alƙali kuwa Ladan ne, tsohon ɗan kokawa, tsaran Mode.

Suka sunkuya, suka sarƙe. Ƙasimu ya yi ta turi kamar bijimin sa, Arzika yana zamewa yana kewaya shi, ƙafafunsa na bin ganga, mata na guɗa. Can sai Ƙasimu ya taho da dukan ƙarfinsa. Arzika ya ba shi ƙugu, ya juya, sai ga ƙafafun Ƙasimu a sama. Suka zube tare, Ƙasimu a ƙasa.

Mode bai san sa'ad da ya miƙe ba. Abin da ya daɗe yana gani a zuciyarsa ne yau ya gani da ido, sumul.

Amma Ladan ya ratsa ihun jama'a, ya kama hannun Ƙasimu ya ɗaga.

"Hannun Arzika ya riga taɓa ƙasa," in ji shi.

Fili ya rikice. Samarin birni suka yo ciki suna cewa tsufa ya ci idon Ladan. Baturen ya yi magana, tafinta ya ɗaga murya.

"Bature ya ce dogon ya fi iya wasa, kowa ya gani. Shi za a ba bargo."

Ladan ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, ya fi iyawa, ban musa ba. Amma a kokawa wanda ya fara taɓa ƙasa shi ya faɗi. Bargo naka ne, ba wanda kake so. Kaye dai na Ƙasimu ne."

Ba a saba mayar wa Bature magana ba, kowa ya san a kan abin da bai kai wannan ba dogarai kan tafi da mutum. Tafinta ya fassara, Baturen ya tambayi wane ne maigidan dogon. Aka nuna Mode.

"Kai mi ka gani?" in ji tafinta.

Mode ya dubi Arzika, wanda ke haki yana kallon gefe. Kalma ɗaya ta isa ta ba su bargon, ta kuma bar Ladan a durƙushe gaban jama'a.

"Ranka shi daɗe, ni juyin nake kallo, ban ga hannu ba. Ladan ya fi ni kusa. Ya sha kayar da ni, na sha kayar da shi, ban taɓa jin ya ƙara ko ya rage ba."

Baturen ya ɗaga kafaɗa, ya yi nuni a miƙa wa Ƙasimu bargon. Ganga ta dawo.

A hanyar gida, rana ta yi sanyi, Arzika yana gaba yana sauri. Mode yana biye yana ɗingishi, yana ɗan waƙa a maƙogwaro.

"Baba, an ƙwace muna kaye kana waƙa?"

"Ka ji yadda fili ya ɗauka sa'ad da ka juya? Ni ban taɓa yin shi haka ba, ko ina da gwiwata."

Arzika ya rage sauri.

Sun kusa ƙofar gari suka ji gudu a bayansu. Ƙasimu ne, bargo a kafaɗa. Ya rusuna ya gaida Mode.

"Baba, wanga abu da aka yi mini, ban san sa'ad da ƙasa ta bar ƙafata ba. In na taho, a koya mini?"

Mode ya nuna Arzika da haɓa. "Tambayi mai shi."

Arzika ya tsaya yana duban bargon, ya dubi mutumin.

"Taho gulbi jibi da hantsi," ya ce. "Amma ka kula da ƙafar hagu. In ka buɗe ta da yawa, hannunka na kai ƙasa kafin ka sani."