Garmahon Baba Inuwa

Baba Inuwa, ƙanen mahaifina, bai mallaki komai a Riyad ba sai garmaho mai kamar akwati, wanda ake wanawa da hannu, da faifai guda ɗaya tak. Waƙar maƙeran garinmu ce, tun ta zamanin Turawa, kuma a tsakiyarta mawaƙin ya kira sunan kakana. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake wana masa bayan la'asar a ɗakinmu na Sulay.

A shekarar saba'in da bakwai kafilinmu, Balaraben da muke aiki a ƙarƙashinsa, ya gina sabon gida a unguwar Badi'a, ya shiga tara kayan zamanin da, wai baƙi su riƙa gani a majalisinsa. Wani ya kai masa labarin garmahon. Bai taya ba. Cewa ya yi igamar tsohon, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta kusa ƙarewa, kuma shi ba ya sa wa mara aiki hannu.

Na ce, "Baba, ba shi garmahon. Katako ne da ƙarfe. Akwai wani a Batha mai juye faifai a kaset, sai in saya maka rikoda."

"Kai Basiru? Da ka ɓatar da takalminka a masallaci sau uku?"

"To riƙe, su sa ka a jirgi. Wa ka bari a gida da zai riƙa juya ka a shimfiɗa?"

Ya dai nuna mini akwatin da haɓa.

Ranar Asabar na kai garmahon, kafili ya sa hannu. Faifan kuwa na naɗe shi a rawani, na ajiye bayan gilashin tipar da nake tuƙawa don idona ya kasance a kansa. Nan take aka tura ni ɗaukar siminti. Layi tun hantsi har bayan azahar, a watan Yuli. Ban san rana tana cin faifai ba, babu wanda ya taɓa gaya mini.

Da na isa Batha, mai shagon ya warware rawanin, ya ɗaga. Faifan ya lanƙwashe kamar gurasa. Ya miƙo mini, ya ce, "Halas."

Ban yi wa tsohon kwana-kwana ba. Na ce, "Na lalata shi, Baba. A rana na bar shi."

Ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana shafawa.

"Sa mini a ƙarƙashin katifa, ko zai miƙe."

Na sa, na kwantar da shi a kai. Sai na ji ƙas. Shi ma ya ji. Ya ce in juya shi ya fuskanci bango, na juya shi.