Bene Mai Ladabi

A shekarun nan da taki ya gagari manomi, Tasi'u ya gano cewa gonarsa ta fi daraja idan aka kwashe ta. Gonar tana bayan Ungogo, inda birni yake ta matsowa yana cinye gero da dawa. Masu tifa suka zo neman jar ƙasa ta cikon gini, ya ce su ɗiba. Rani ya zo ya wuce suna ɗiba. Idan ya shiga Kano a keken haya mai ƙafa uku ya hango dogon bene, sai ya taɓo na kusa da shi ya ce, "Ka ga wancan? A kan gonata yake tsaye."

Abin da ya rage masa wani ƙaton rami ne, da damina kwaɗi su hana mutane sakat. Sai motocin shara suka fara neman wurin juyewa, ya nuna musu. Da can mahaifinsa har roƙon sharar birni yake yi don takin gona, amma sharar yanzu leda ce da roba da tsumma. Da ramin ya cika, Tasi'u ya sa aka barbaɗa jar ƙasa a sama, kamar ƙuli a kan tsire.

Nan ya ƙudura zai yi bene, shaguna a ƙasa, iyali a sama.

Matarsa Hure ta ce, "Malam, a kan bola za mu kwana?"

Ya ce, "Bola a da. Yanzu fili ne. Ke kin san a kan me rabin Kano take zaune?"

Ya kira Muntaka magini, wanda ya daɗe bai ga aiki ba. Aka fara haƙa harsashi. Duk shebur ɗin da aka ɗago, leda ce, wani lokaci da warin silifa.

Muntaka ya ce, "Alhaji, ko mu ƙara zurfi?" Tasi'u bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara masa ba.

"Kana ganin yadda siminti ya yi tsada? Wa zai leƙa ƙarƙashin ƙasa? A bar shi haka, a yi wa gaban gidan tayil mai ƙyalli."

Muntaka ya tuna tukunyar gidansa, ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Ai leda ma ba ta ruɓewa."

Bene ya tashi, aka yi walima, mutane suka zo daga Tsanyawa don kallo. Tasi'u ya tsaya a sama yana ɗaga musu hannu.

Da ruwa ya sauka, ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa. Ya zagi kafinta. Bango ya tsage, ya rataya darduma a wurin. Wata rana Hure ta ajiye masa tuwo, miyar ta taru a gefe ɗaya na kwanon. Ta juya kwanon, miyar ta sake komawa wajen titi. Sai ta ɗaure kayanta da na yara ta koma tsohon gidan ƙasa na surukarta.

Kafin a yanke gero, duk mai wucewa yana ganin benen ya ɗan rusuna, kamar yana gaida titi. Tasi'u ya je wurin mai unguwa ya ce maƙiya ne. Mai unguwa, wanda shi ma ya cike nasa ramin da shara ya yanka filaye, ya ce lallai hassada ta yi yawa a garin nan, kada kowa ya ƙara ambaton shara.

Wasu ma'aikata suka zo daga wani ofis a birni, da bokitin jan fentin da ake yi wa ginin da za a rushe alama. Suka zaga gidan, suka ci dambu, babbansu ya karkata kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in mutum ya tsaya haka, ginin a miƙe yake. Suka ba da shawarar a tokare shi da azara, suka tafi da fentinsu.

Masu keke ne suka raɗa masa suna. "Bene Mai Ladabi, akwai mai sauka?" Dillalai suka ɗauka, suna tallan fili da cewa yana dab da Bene Mai Ladabi, mutanen birni kuwa suna rububi. Tasi'u ya ƙi fita, yana kwana shi kaɗai a sama, ya sa bulo a ƙafafun gado na gefe ɗaya. Ranar da matakala ta rabu da bango yana tsakiyarta, ya sauko da rarrafe, bai ƙara hawa ba.

Benen yana nan bai faɗi ba. Harawa ake tarawa a shagunan, tantabaru sun gaje sama. Tasi'u yana sayar da rake a tsallaken titi, inda Hure ta auna da ido ta ce ko ya faɗo ba zai iso ba. Baƙo yakan tsaya ya riƙe baki ya tambaye shi ko wane ne mai wannan aiki.

Tasi'u yakan ci gaba da fere rakensa ya ce, "Wani ɗan birni ne. Ka san su, ba su san ƙasa ba."