Ƙosai a Shafin Baba

Fu'ad irin ma'aikatan nan ne da duk abin da ka tambaye su sai su ce yana cikin waya. Shi ya sa da mahaifinsa, Malam Ilyasu, tsohon malamin makaranta a Zariya, ya aiko masa da kwalayen littattafansa ya ajiye saboda rufin ɗakinsa na yoyo, bai ɗauki abin da nauyi ba. Ɗaki da falo yake haya a Kubwa. Kwalaye suka tare hanya, kyankyasai suka samu masauki.

Wata Asabar ya zauna ya bi sunayen littattafan a intanet. Duk tsofaffi ne, marubutansu sun daɗe a ƙasa, kowa na iya saukewa kyauta. Ya sauke su kaf, ya ji kansa wani gwani, ya kinkimi kwalayen ya kai wa Magdalene mai ƙosai a bakin layi, wadda kullum take kukan rashin takardar naɗi.

"Oga, duka na ni ne?" ta ce, har da rawa.

Bai ƙara tunawa ba sai da aka kawo mahaifin nasa Abuja aka yi masa aikin ido. Ranar da likita ya yarje masa karatu, tun a mota ya ce, "Yau zan gaisa da mutanena. Suna ina?"

Fu'ad ya ce, "Suna sito, Baba. Makullin yana wajen mai gida, ya yi tafiya. Amma ai na yi downloading ɗinsu, ga su nan duka."

Tsohon ya karɓi wayar, ya taɓa, rubutu ya gudu. Ya mayar masa. "Zan jira mai gidan."

Wannan jiran ya fi zagi ciwo. Kullum Fu'ad ya dawo daga ofis sai ya tarar da shi a bakin taga da sabon tabarau, hannu babu komai. Kunya ta hana Fu'ad cin abinci sosai, amma ya kasa faɗa masa gaskiya.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran Lahadi da safe Malam Ilyasu ya ce likita ya ce ya riƙa tattaki, ya fita, ya dawo da ƙosai. Ya juye a faranti, bai ci ba. Takardar ya shimfiɗa a cinyarsa yana gyara ta da babban yatsa. Mai ya jiƙa ta har ana hango bayanta, amma daga inda Fu'ad yake tsaye yana ganin layin jan biro a ƙarƙashin wata jimla. Ya san biron. Da shi mahaifinsa yake duba takardun jarrabawa a gidansu.

"Baba..." in ji Fu'ad. "Wallahi babu abin da ya ɓata, duk suna cikin..."

"Na sani."

Tsohon ya karanta shafin gaba da baya, leɓensa na motsi. A ƙasa jimlar ta yanke a tsakiya. Ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihun gaba, mai na ɓata masa farar riga.

"Ci ƙosanka kafin ya huce," ya ce. "Gobe ma a wajen matar nan za ka sayo mana. Wataƙila mu dace da shafi na gaba."