Ɗige-ɗigen Bayan Ganye

…cuta, wai cuta. Haka ka ce a waya, Manniru, har da dariyarka: "Na yi wa shukokinki magani kafin in fita." Ka yi musu. Sannu da aiki kake jira in ce?

Ga su nan bayan tankin ruwa, a kwance, sun yi baƙi kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Warin har maƙogwarona. Jarkar feshin Solomon maigadi ka ɗauka — maganin kashe ciyawar bakin get ne a ciki. Tambaya ɗaya fa. Ɗaya. Mijina, mai karanta takardar kowane fanadol kafin ya haɗiya…

Ɗige-ɗigen da ka gani a bayan ganyen, masu ruwan ƙasa, jere reras — ƙwan ƙwari? Iri ne, irin shukokin! Ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ta nan suke haihuwa. Tun bara nake ɗaga ganye ina leƙawa, sai wannan daminar suka fito.

Ina tuna ranar da na samo su: Mama Monica mai doya a kasuwar Gudu, ruwa har idon sawu, tana tono min su daga ƙarƙashin dutse a rafin ƙauyensu. "Ba ya son rana fa, yarinya, ka ɓoye shi a inuwa." Sanyin wurin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa… Rafin ma yanzu babu. Katafila ta bi ta kai, gidaje ne masu jan rufi. In koma ina? In tono me, siminti?

Kai fure ka sani. Ja, babba, na roba ma ba laifi — wanda ka sayo a Gwarimpa yana kan talabijin, na ce ya yi kyau. Kullum cewa nake ya yi kyau.

Tsaya… wannan ɗan tohon, a naɗe kamar hannun jariri. Kore ne? Ko bai gama mutuwa ba ne? In kwara masa ruwa, ko in ƙyale shi?

Ban taɓa nuna maka ɗige-ɗigen ba. Jira nake wata yamma bayan ruwan sama, in riƙo hannunka, in juya ganyen, ka gani da kanka. Na ɓoye su a inuwa har kai ma…

Ga hon ɗin motarka. Solomon yana jan get. Za ka shigo da murmushin wanda ya kyauta, ni kuwa a tsugune, bokiti a hannu, na kasa ko karkata shi…