Shaidun Banza Dubu Biyu

Auta ta ture fatun da ke kan teburina gefe, ta ajiye kwamfutarta tsakanin guduma da gwangwanin gam, ta ce kada kowa ya yi mata magana sai ta gano abin da ya binne mu. Ita ce ƙaramar 'ya'yana, ita ce kuma ta buɗe wa shagona shafi a intanet shekara huɗu da suka wuce. Tun daga lokacin, duk wanda ya nemi mai ɗinka takalmin gajeriyar ƙafa ko karkatacciya a wayarsa, mu yake fara gani. Mutane kan wuni a mota don su zo in auna su. To, mako uku ke nan wayar shago ba ta yi ƙara ba. Da Auta ta neme mu a gabana, sai a shafi na bakwai na sakamakon binciken ta same mu, inda ta ce ko ɓarawo ba ya leƙawa.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Babbar mota ta taka ni ina ɗan shekara ashirin, likita ya ce na gama tafiya. Na ɗinka wa kaina takalmi mai tudun yatsa uku, na taka har ofishinsa na gaishe shi. Gobara ta ci shagona, ruwa ya taɓa tafiya da shi, ga ni nan daram. Amma wannan bala'in da ba ya ƙona komai, sai dai mutane su daina ganinka, ban san ta inda ake kama shi ba. Babban ɗana, wanda muke kira Manaja tun yana ƙarami saboda son ba da umarni, ya riga ya fara cewa in rufe shagon in koma gidansa in huta. Na san idan wata ya ƙare a haka, ba ni da bakin musa masa.

Kafin shayina ya huce yarinyar nan ta gano. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce injin da ke nuna wa mutane hanya a intanet yana duba waɗanda ke ambatonka a shafukansu suna cewa a je wurinka. Idan shafin babban asibiti ya ambace ka, shaidar mutumin kirki ce. Mu kuwa, cikin mako guda, shafuka dubu biyu suka kama kiran sunanmu: na 'yan caca, na masu maganin rage ƙiba, da wasu cikin harsunan da ko ita ba ta san sunansu ba. Injin ya ga taron 'yan iska na yi mana kirari, ya ɗauka mu muka tara su, ya mayar da mu baya.

Da Manaja ya leƙo lokacin hutun rana, bai ma ɓoye ba. Shi ya ba wani mutum a intanet aikin tara mana shafukan nan, don ya taimaka mini, kuma yana jiran godiya.

"Ai yawa shi ke sa zare ya ja dutse," in ji shi.

"Haka ne, Yaya," in ji Auta, tana matso masa da kujera. "Sai dai ruɓaɓɓen zare aka sayar maka."

Ta juya masa kwamfutar ya gani da idonsa. Ni da a ce ƙanena ne ya yi mini wannan ɓarna, da layin nan gaba ɗaya sun ji mu.

Manaja ya kira wani abokinsa injiniya. Mutumin ya ce abu mai sauƙi ne: akwai inda ake aika wa injin jerin shafukan da ba ka yarda da su ba don ya daina lissafa su a kanka, a kwashe duk ƙanana marasa daraja a zuba, minti biyar an gama. Auta ta gode masa, ta kashe wayar, ta ce ba za ta yi haka ba. Ƙanƙanta daban, ƙarya daban. A cikin ƙananan nan akwai mutanen da suka taka ƙafarsu zuwa shagon nan, ba za ta share su tare da 'yan caca ba. Manaja ya tambaye ta yadda za ta bambance su cikin dubu biyu.

"Ga Baba," ta ce.

Haka muka wuni. Na caca da na magani tana tara su ɗari-ɗari ba ta ko kallona. In ta ci karo da wanda ke da kamar mutum a bayansa, sai ta karanta mini. Wata mata da ke ba da labarin tagwayenta, ɗayansu ƙafarsa ta juya ciki. Na ce na san shi, hagu ce, sau uku na sake masa takalmi yana girma. Ƙungiyar direbobin bas da ta sa hoton wani ɗan'uwansu ya koma aiki. Wani malamin makaranta da ciwon suga ya ci wa yatsu biyu. Fuska ina iya mantawa, amma ƙafar da na riƙe a hannuna ban taɓa mantawa ba, kuma a shekara hamsin ban ga wanda ya kama ni a wannan ba. Manaja bai koma ofis ba. Ya tuɓe rigar sama, ya zauna yana riƙe mata lissafin inda ta tsaya.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta tsaya a wani shafi. Na ce ta karanta. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne, masu karanta shi ba su kai goma ba. Ya rubuta cewa ya zo wurina bara, takalmin ya matse masa idon sawu har ya yi gyambo, ya yi wata biyu a kwance. Ya sa hanyar shafinmu a ƙasa, wai don mutane su san shagon su yi hattara.

Na ce ta jefa shi cikin 'yan caca. Manaja ya ce shi ma haka ya gani, wannan ai ya fi su sharri.

"Baba, ƙarya ya yi?"

Na ce ta faɗa mini ƙafar. Dama ce, da ƙashi ya fito a gefe. Nan take na gan ta a tafin hannuna. Da sassafe ya zo, ya ce zai kama motar komawa. Ƙafa irin tasa tana kumbura da yamma, duk mai sana'ar nan ya san ba a auna ta sai ta wuni tana aiki. Na sani, na auna shi da safe don yana sauri.

Auta ta mayar da ido kan kwamfutar. Ta ce jerin nan na waɗanda ba su san mu ba ne, wannan kuwa ya san mu. Ta bar shi a inda yake, ta aika sauran. Ta gaya mana gaskiya, cewa sai an yi makonni kafin a ga canji, kuma ba ta yi alkawarin za mu koma na farko ba. Manaja ya ɗauki rigarsa, ya ce maganar rufe shago a bar ta tukuna.

Tana shirin rufe kwamfutar na ce ta dakata, ta rubuta wa mutumin. Na ce ta ce masa ya dawo da takalmin, zan sake masa wani. Ya zo da yamma, bayan ya wuni a tsaye, ko da zai kwana a garin. Na ce ta kuma gaya masa cewa a shekara hamsin wannan ne kuskurena na farko.

Ta rubuta, ta karanta mini daga farko har ƙarshe. Na ce ban ji maganar shekara hamsin ba.

"Ban sa ta ba, Baba," ta ce, ta aika.