Lallen Malam Lawan

Ina bin Malam Lawan bashin lalle, hannu biyu da ƙafa biyu, tun bikinmu. Da kakanninsa suka zo sa wa ango lalle, sai ya haura katanga ya gudu Tarauni wajen abokinsa. Ni aka ƙunshe ni kwana uku, shi ko ɗigo. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina tuna masa. Ban yi boko ba, amma abin da nake bi ba ya ɓace mini.

Bayan soja sun koma bariki da 'yan shekaru, ciwon dajin da aka yanke masa a hanji ya ɓullo a hanta. Likita ya ce wuri biyu ne ƙanana, za a gasa su da na'ura. Sai dai a fara ɗaukar hoton cikin a san daidai inda suke, kada gashin ya taɓa inda yake lafiya.

Muka taso daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa asibiti da sassafe. Aka tura shi cikin wata na'ura mai kamar bakin rijiya, ana ta ce masa ya riƙe numfashi. Da aka gama, Hasana, yarinyar da ke aikin hoton, ta zana masa alama uku a ciki.

"Baba, kada su goge. Da su za mu saita ka ranar gashi."

Ranar Juma'a mutumin nan ya shiga wanka da soso da sabulu, ya fito fes.

"Malam, ina zanen?"

"Haba Kulu, in je masallaci da tawada a jiki kamar allo?"

Shi ke nan, layinsa ya wuce. Sati uku muka jira a sake hoton. Ina kallo mazagin wandonsa yana ƙara tsawo, tuwo loma biyu ya ture kwanon. Likita ya ce in aka sake jinkiri, abin zai iya fin ƙarfin gashin.

Karo na biyu na je da kwaɓaɓɓen lalle a gwangwani.

"'Yar nan, wannan zai ɓata muku aiki?"

Hasana ta shiga ta tambayo likita, ta fito tana dariya. "Inna, ya ce in dai ba za ki kauce wa zanen ba ko da ƙwayar gero."

Ni da na yi wa amaren unguwarmu ƙunshi shekara talatin? Na zaro tsinken tsintsiya.

Malam ya riƙe riga. "Da furfurata, Kulu?"

"Ga katangar asibiti can, haura mu gani."

Ya kwanta. Na bi zanen a hankali, shi kuma yana ta ƙunƙuni wai da sanyi. Da lallen ya kama, ja wur, Juma'a biyu yana dirza bai motsa ba. Ranar gashi Hasana ta ce layin na'urar ya hau kan lallen daidai.

Muna fitowa ya jingina da kafaɗata, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

"To, mai bashi, na biya ko?"

"Wannan na likita ne. Nawa hannu biyu ne da ƙafa biyu, kuma ba na karɓa a wajen marar lafiya. Ka warke tukuna."

Gwangwanin yana nan a kan sif ɗina, kullum yana ganinsa.